Kunafar Ranar Sulhu

Lungun da shagon Wajih yake, in masu ƙiba biyu suka haɗu sai ɗaya ya manna bayansa da bango. Taku uku ne daga bakin ƙofarsa zuwa ƙofar da ke kallonsa. Waccan ƙofar ta shagon Hikmat mai sabulu ce, kuma wata bakwai ke nan tana rufe da kwaɗo biyu, kyanwoyin unguwa sun mai da dakalinta wurin barci.

Wajih kunafa yake yi, kayan zaƙin nan na cuku da ruwan sukari da ake gasawa a tire. Ita ubansa ya yi, ita kakansa ya yi, duk a cikin wannan ramin da ake kira shago, a jikin bangon masallaci mai koriyar ƙubba. Shekararsa hamsin da takwas. Gidansa yana saman shagon, matakala goma sha tara. Masallaci yana bayansa, maƙabarta tafiyar minti goma. Iyakar duniyarsa ke nan. Ko ya nemi ƙari ma ina za shi? Garinmu Nabulus, a Falasɗinu, a matse yake tsakanin duwatsu biyu, hanyar fita kuma akwai shingen soja, sai ka yini a layi sannan a ce ka koma inda ka fito.

Abin da ya faru kowa ya sani. Basil ɗan Wajih, shi kaɗai ne namiji, shekara ashirin da shida, yana fitowa daga shago da tire a ka. Sai ga Mu'in ɗan Hikmat ya shigo lungun da 'yar taraktar nan da ake jigilar kaya a tsohon gari, ya loda mata kwalayen sabulu har sun fi shi tsayi. Wasu suka ce birki ne ya ƙi, wasu suka ce waya yake dubawa. Babu wurin kaucewa a lungun nan. Ta haɗa Basil da bango. Kafin a kai shi bakin titi inda mota ke iya zuwa, ya cika.

A ranar aka kwashe mutanen gidan Hikmat aka fitar da su daga unguwa, kamar yadda muke yi in jini ya zuba. Maza da mata, har da uwar Hikmat, Hajja Zakiyya, wadda ta haura tasa'in. Suka tare a wani ƙauye wajen dangin matarsa. Mu'in ya yi wata huɗu a tsare, hukuma ta ce tsautsayi ne, ta sake shi. To amma takardar hukuma ba ta buɗe ƙofa a unguwarmu. Ba su da halin dawowa sai an yi sulhu, sulhu kuma ba ya yiwuwa sai uban mamaci ya ce ya yarda.

Wajih bai yarda ba. Ba ran Mu'in yake nema ba, diyya kuwa ya ce kada ma wani ya furta ta a gabansa. Abu ɗaya yake so. Kada ya ɗago kai daga kan tire ya ga fuskar wanda ya kashe masa ɗa, taku uku daga inda yake tsaye, yau da gobe da jibi har ranar da za a ɗauki gawarsa.

Ga kuma maganar suna. A nan ba a kiran babban mutum da sunan yanka, da sunan ɗansa na fari ake kiransa. Saboda haka tun daga asuba, mai burodi ya wuce ya ce Abu Basil, mai shara ya ce Abu Basil, mace ta miƙo kwano ta ce Abu Basil ka sa min mai zafi. Sau ɗari a yini sai an tuna masa, kuma duk girmamawa ce, ba wanda zai ce wa ya bari.

Ran Litinin da hantsi, bayan ƙararrawar coci ta yi shiru, Jiryis mai gyaran agogo ya zo da kofin shayinsa kamar kullum. Kirista ne, shagonsa yana kwanar lungun, tare suka yi wasan ƙasa.

"Yanko min ta gefen nan da ta ƙone," in ji Jiryis. "Ta tsakiya ta baƙi ce."

"Ba likita ya hana ka ba?"

"Ya hana. Shi ma jiya na gan shi a nan yana lasar yatsa."

Wajih ya yanka ya miƙa masa. Jiryis ya ci rabi a tsaye, yana kallon rufaffiyar ƙofar nan, sannan ya ce, "Jibi Laraba za su zo maka."

"Su wa?"

"Kar ka mai da ni sakarai mana. Hajji Subhi ya zaga gari kaf. Mutum talatin ya tara. Limaminku, ladaninku, har Fada na cocinmu ya ce da shi za a zo."

"Me ya haɗa Fada da jinin ɗana?"

"Shi ma da sabulun Hikmat yake wanka." Jiryis ya ajiye farantin. "Tsohuwar ce, Wajih, uwar Hikmat. Ta daina cin abinci. Ta ce ba za ta mutu a ɗakin mutane tana kallon kajin mutane ba. A kan gadonta take so."

"To ta jira."

"Tasa'in da uku fa. Me za ta jira?"

"Ni mai ashirin da shida na binne."

Jiryis ya goge baki. Ya kwashi kofinsa ya koma wajen agogunansa.

Da azahar Wajih ya hau sama cin abinci. Matarsa Ni'imat ta ajiye masa shinkafa da miyar kuɓewa. Tagar da ke kallon lungun a rufe take tun ranar da abin ya faru, ɗakin kullum kamar magariba. Ta riga ta ji labari, mata sun kawo mata.

"Za ka ba su?" in ji ta.

"Ban sani ba."

"Ka sani mana."

"To me kike so in yi? In kore su?"

"Ubanka ya taɓa korar tawagar dattawa?"

"A'a."

"To don me kake tambayata?" Ta zauna a bakin gado, ta naɗe hannu. "Ni dai in na leƙa na gan shi yana share bakin ƙofa, lafiyarsa lau, ban san abin da zan yi ba. Wallahi ban sani ba."

"Mu rufe shagon mu tashi."

"Mu tafi ina? Hannunka ya iya wani abu ban da tire? Kuma wa zai riƙa zuwa kabarin Basil ran Alhamis?"

Ya ci cokali uku ya sauka. Ƙasa ba daɗi, sama ba daɗi, kuma babu wuri na uku.

Laraba bayan la'asar suka zo, a zauren danginsu Wajih da ke bayan tsohon gidan wanka. Hajji Subhi mai unguwa ne a gaba da sandarsa, ya kai tamanin, duk wata rigima ta unguwar nan a hannunsa take mutuwa. Bayansa liman, ladan, Fada da baƙar rigarsa, masu masana'antar sabulu, masu kanti, tsofaffin malaman makaranta. Suka cika zauren har bakin ƙofa. Wajih yana can ƙurya, bango a bayansa.

Ya tashi da kansa ya zuba gahawa, ya miƙa wa Hajji Subhi finjali na farko. Hajji ya karɓa, ya ajiye a gabansa bai kai baki ba. Liman ya karɓa ya ajiye. Haka har mutum talatin. Ba za a sha ba sai an biya musu buƙata. Kuma gidan da dattawa suka tashi suka bar gahawarsa ta huce a ƙasa, jikokin gidan ma sai an goranta musu.

"Abu Basil," in ji Hajji Subhi, "ba mu zo koya maka addini ba, ka fi wasunmu sani. Ba mu zo mu ce ka manta ba, ba a mantawa. Mun zo roƙo ne. Ka bar mutanen nan su dawo gidansu."

Wajih ya kafa wa tabarma ido.

Liman ya jawo aya, ya yi bayani. Fada ya ce shi ma a littafinsu haka yake. Wani tsohon malami ya tashi ya yi dogon jawabi da ba wanda ya gane inda ya dosa. Rana ta sauka daga saman tagar zuwa ƙasanta.

"Su dawo," in ji Wajih daga ƙarshe. "Amma a nema musu shago a wani lungun."

"Shagon nan tun kakan kakansa," in ji Hajji. "In ka ce a tashe shi, wannan ba sulhu ba ne, kora ce da ladabi."

"To shi yaron ya zauna a ƙauye."

"Hikmat bayansa ya mutu, ka sani. Wa zai ɗaukar masa kwali? Kai?"

"Ni wa yake ɗaukar min tire?"

Ba wanda ya motsa. Wani dattijo mai ciwon mafitsara ya yi ta mutsu-mutsu a kujera, fuskarsa ta yi ja, ya ƙi tashi. Wajih ya dubi ƙofa, mutum talatin ne tsakaninsa da ita. Ya dubi taga, ƙarafa ne a jikinta, ta cikinsu yana hango kan hasumiya da tattabarai.

Sai ladan, wani siririn mutum mai tari, ya duba agogon hannunsa ya ce, "Abu Basil, don Allah. Saura minti shida in kira magariba, kuma ba ni da ikon tashi in bar finjalinka a ƙasa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa makara ba. Kar ka sa a ce yau an rasa kiran salla a unguwar nan."

Duk suka juyo suna kallon Wajih. Jinin ɗansa ne ya zuba, amma yanzu shi ne zai zama wanda ya hana salla.

"Ku sha gahawarku," ya ce.

Suka shanye ta da sanyinta, suka yi fatiha. Ladan ya fita da gudu, mai ciwon mafitsara yana biye da shi. Aka sa sulhu jibi Juma'a, bayan an sauko, a farfajiyar masallaci.

Hajji Subhi ya tsaya har kowa ya watse. "Saura maganar kunafa," in ji shi.

Wajih ya dube shi.

"Ka san ba a rufe sulhu sai da ita, kuma a kan masu laifi take. Hikmat ya aiko yana tambayata. In suka sayo a wani wuri, gari zai ce sun raina hannunka, a bakin ƙofarka. In kuma su ce ka yi musu, kunya ta hana su."

"Wato ni zan dafa abin da za a lashe a kan jinin ɗana."

"Astagfirullah. Kai za ka yi abin da za a rufe magana da shi."

"Tire nawa?"

"Huɗu. Manya."

"Ka gaya masa kada ya aiko min da komai."

Ran Alhamis bayan azahar ya sauke gwangwanayen cuku. Farin cukun nan da ake yin kunafa da shi a cikin ruwan gishiri yake zuwa, gishirin da in ka ɗanɗana sai ka ji shi har cikin dasashi. Yanka shi ake yi siri-siri, a jiƙa tun jajibiri, a riƙa zubar da ruwan ana sabuntawa, sau bakwai ko takwas, har ya koma salam kamar madara. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mai kunafa. Wajih ya yanka duka, ya jera a manyan robobi, ya jawo tiyo. Sai ya tsaya da tiyon a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarsa.

A wurin sulhu kowa sai ya ci. Wanda ya ture faranti, ko ya tofar, ko ya tashi ya bar nasa, ya ƙi sulhu ke nan a gaban shaidu. In daga ɓangarensu Hikmat aka samu mai yin haka, magana ta warware, kuma ba a kan Wajih ba. Shi ya ba da gahawa, ya ba da hannu, ya dafa da kansa. Mutum ɗaya kawai yake buƙata. Ya tuna Adli ƙanen Hikmat, mahauci, wanda ya taɓa jifan mai shayi da kofi don sukari ya yi yawa.

Ya kashe famfo. Ya rufe robobin da ƙyalle haka nan a bushe, ya wanke hannu, ya tafi maƙabarta tare da Ni'imat. Bai gaya mata ba. A kan kabarin ya cire ciyawa biyu uku.

Juma'a da safe ya shafe manyan tirarrukan tagulla da man shanu mai launin ja, ya barbaɗa garin ƙullu ya danne da tafin hannu har ya kwanta daidai, ya shimfiɗa cukun a kai da kauri, bai yi rowa ba. Da aka fara huɗuba ya ɗora a wuta. Yana juya tiren a hankali, yana sauraron ƙarar man, don da kunne ake sanin ta yi. Sahu ya cika masallaci ya malalo har cikin lungun, saboda haka a bakin shagonsa ya yi salla, ƙamshi yana dukan bayansa. Da aka sallame ya kifa kowane tire a kan wani, ya kwarara ruwan sukari mai zafi, ya watsa dakakken fustuƙ, koriyar gyaɗar nan ta Larabawa. Ja ta yi kamar garwashi, ko'ina daidai. Ya daɗe bai yi mai kyan wannan ba, kuma hanci ba ya jin gishiri.

Maza huɗu daga cikin danginsa suka ɗauka a ka, suka bi lungun a karkace don tiren ya fi faɗin wasu wuraren. Yana biye da su.

An jera kujerun roba a farfajiya, ɓangare biyu suna fuskantar juna, wurin alwala a tsakiya. Mutum ya kai ɗari biyu. Aka shigo da su Hikmat a bayan farar tuta. Hikmat ya rame, ya ranƙwafa, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Mu'in yana tsakanin dattawa biyu, kansa ba hula, ya tara gemu, idonsa a ƙasa. Aka kawo shi gaban Wajih.

"Baffa," in ji Mu'in. "Baffa, ka yafe min."

Wajih ya miƙa hannu kamar itace. Mu'in ya kama ya sumbata, ya ɗora a goshi. Hannun nan ne ya riƙe sitiyari. Wajih ya bar nasa a ciki har aka saki. Sannan maza suka bi layi ana musabaha, liman ya yi addu'a, Hajji Subhi ya ɗaure ƙulli a jikin tutar, Wajih ya ɗaure, Hikmat ya ɗaure.

Aka yanka kunafa, cuku yana miƙewa kamar zare daga tire zuwa faranti. Aka raba har ta kai kowa. Ba wanda ya taɓa sai da Hajji Subhi ya yi bisimilla ya kai lomar farko.

Muƙamuƙinsa ya tsaya.

Mutumin nan yana da hawan jini, shekara goma rabonsa da gishiri. Ya ɗago ido ya dubi Wajih. Wajih ya dube shi. Hajji ya haɗiye, maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya yanki ta biyu.

Daga nan abin ya bi layi. Kana ganin fuska tana canjawa ɗaya bayan ɗaya, kamar iska ta bi ta kan alkama. Liman ya rufe ido. Fada ya ciro hankici ya goge goshi. A Nabulus ko jariri ya san mai kunafa ba ya manta jiƙa cuku, balle jikan masu kunafa, balle tire huɗu. Kowa ya gane. Surutun da ake yi ya mutu, ba ka jin komai sai cokali a kan faranti da kukan tattabarai. Ga famfunan alwala nan a tsakiya suna ɗiga, amma ba wanda ya tashi shan ruwa, don tashi ma magana ce.

Jiryis yana kusa da Wajih. Ya sunkuyo, hawaye a idonsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya isa tsakanina da kai, Wajih. Ni me na yi maka?" Ya ci gaba da ci.

Wajih Adli yake kallo. Mahaucin ya kai loma, wuyansa ya kumbura, fuskarsa ta yi jawur. Ya riƙe farantin da hannu ɗaya kamar zai yi jifa da shi, ya fara miƙewa, kujerar ta yi ƙara. Tashi mana, Wajih ya ce a ransa. Tashi, ɗan halak.

Hikmat bai ko juya ba. Ya dai ɗora hannu a gwiwar ƙanensa, ya bar shi a nan. Adli ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, yana huci. Sannan ya koma ya zauna. Ya tura sauran a baki loma biyu, ya haɗiye kamar mai shan magani.

Mu'in kuwa bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Ya ci a hankali, ya cinye, ya bi farantin da cokali ya kankare abin da ya manne.

Wajih ya bi ɓangarensu da ido, kujera bayan kujera. Tsofaffi, samari, surukai, har wani mai haƙori biyu a baki. Babu farantin da aka ture.

Sai Hikmat ya tashi, ya je wajen tire, ya yanko da hannunsa, ya tako a hankali ya tsaya gaban Wajih. Haka ake yi, uban mai laifi shi ke miƙa wa uban mamaci. Shekara arba'in suna buɗe shago tare suna rufewa tare, rabonsu da magana wata bakwai.

"Bisimilla, Abu Basil," ya ce da ƙarfi don jama'a su ji. Sannan ya rage murya. "Na gane. Ko guba ka sa da na ci. Uwata tana cikin mota a bakin titi tun safe."

Ido ɗari huɗu a kansa. In ya ture, shi ya warware, bayan ya ɗaure tuta da hannunsa. Ya karɓa.

Zaƙi ne ya fara zuwa, sannan gishirin ya taso daga ƙasa ya kama harshe, ya ƙona dasashi, ya hau har hanci. Hikmat bai rage masa ba, yanka ya yi na mutunci, mai faɗin tafin hannu. Wajih ya ci loma bakwai, yana ƙirgawa, Hikmat yana tsaye a kansa har ya gama.

Hajji Subhi ya dogara sanda ya miƙe. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. "Jama'a ku shaida," ya ce, "an ci, an rufe. Wanda ya sake tayar da maganar nan, da mu yake yi." Aka shafa fatiha. Sai a lokacin mutane suka yi kan famfuna, manya da rawunansu suna ture juna.

Ba wanda ya yi wa Wajih maganar gishirin. Wasu ma sun yi masa sannu da aiki. Ya haɗa tirarrukan huɗu, ya ƙi kowa ya taya shi, ya ɗora a ka ya nufi shago.

A tsakiyar lungun ya ci karo da su. Sun ɗauko Hajja Zakiyya a kan kujera daga bakin titi, Adli yana riƙe da baya, Mu'in yana riƙe da gaba. Babu wurin wucewa. Wajih ya manna bayansa da bango, ya ɗaga tirarrukan sama da hannu biyu. Kafaɗar Mu'in ta gogi ƙirjinsa, har yana jin numfashinsa.

"Ku tsaya," in ji tsohuwar. Ta zama kamar ƙullin tsumma a cikin bargo, amma idonta garau. A cinyarta akwai ɗan faranti da aka kai mata mota, ta ci gefe. "Wannan ba Wajih ba ne? Ɗan Sa'adiyya?"

"Ni ne, Hajja. Sannu da hanya."

"Kai ka yi wannan?"

"Ni na yi."

"Ka manta ba ka jiƙa cuku ba." Ta girgiza kai. "Tsufa ya kama ka tun yanzu? Da ubanka yana da rai da ya fasa maka tiren nan a ka. Gobe ka aiko min da ta kirki, ka ji? Kwana nawa suka rage min da zan ci gishiri?"

"To, Hajja."

Suka wuce da ita, suka shige ƙofar gidansu.

Ya shiga shago ya sauke kayan, ya kafa baki a famfo ya sha har cikinsa ya cika, ƙishin bai tafi ba. Yana nan sunkuye ya ji ana kokawa da kwaɗo a waje, ya yi tsatsa, sai da aka buga shi da dutse. Sannan ƙofar ƙarfen shagon Hikmat ta yi sama da ƙara, ƙamshin sabulu ya cika lungun. Wajih ya ɗauki soso ya juya wa ƙofa baya ya fara wanke tire. Amma murhun yana bakin ƙofa, nan kakansa ya gina shi, kuma gobe da safe sai ya juyo.